Kasuwar Kayan Karatun Jarrabawar Likitoci: Abin Dubawa Kafin a Zuba Kuɗi

Duk ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin karatun ɗansa ko ƙanensa a fannin likitanci ya san cewa ranar karɓar digiri ba ita ce ranar rufe littafin kashe kuɗi ba. Akwai sauran jarrabawar neman lasisin aiki, wadda a kewayenta wata babbar kasuwa ta kafu, ta littattafai da rumbunan tambayoyi na intanet da azuzuwan share fage, kuma mafi yawan hajarta da dala ko fam ake biya.

Jarrabawa uku ne suka fi shafar 'yan Nijeriya. Ta farko ita ce wadda Majalisar Kula da Aikin Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, watau MDCN, take shirya wa waɗanda suka yi karatu a ƙasashen waje, irin su Sudan da Masar da Indiya, kafin a ba su izinin taɓa majiyyaci a gida. Ta biyu ita ce PLAB, ga mai neman aiki a Birtaniya. Ta uku kuwa ita ce USMLE mai matakai uku, ga mai nufin Amurka.

Irin tambayar da ake yi

A jarrabawar Amurka da ta Birtaniya, tambaya ba ta tsayawa ga haddar sunan cuta ko na magani. Labarin majiyyaci ake kawowa: shekarunsa, abin da ya kawo shi asibiti, abin da likita ya gani, da sakamakon gwaji. Sa'an nan a jera amsoshi waɗanda kusan kowacce tana da ƙamshin gaskiya, a ce a zaɓi wadda ta fi dacewa.

Alal misali, a ce ga mace mai shekara 28 da cikin wata takwas, awon jininta ya kai 170/110, an ga furotin a fitsarinta, ga shi kuma ta fara jijjiga. Gane cutar ba shi da wuya ga wanda ya yi karatu. Abin da ake nema shi ne matakin da za a fara ɗauka: tiyata nan take, ko hoton ƙwaƙwalwa, ko allurar magnesium sulphate? Amsar ita ce allurar, domin sai an tsai da jijjigar, uwa ta daidaita, kafin a yi batun ciro jariri. Wanda ya haddace babin kaf amma bai saba jera matakai bisa tsari ba, yana iya faɗuwa a nan.

Ga kuma ƙarancin lokaci. Kashin farko na PLAB tambayoyi 180 ne cikin sa'a uku, watau minti ɗaya ga kowace tambaya. Mataki na biyu na USMLE kuwa ya haura tambayoyi 300 a zaman wuni guda na sa'a tara, kimanin daƙiƙa 90 ke nan ga kowace.

Hajar da ke kasuwa

Kayan sun kasu gida huɗu. Akwai rumbunan tambayoyi, irin su UWorld na Amurka da AMBOSS wanda wasu likitoci suka kafa a Jamus a 2012, da Passmedicine da Plabable ga masu nufin Birtaniya. Akwai littattafan taƙaitawa, irin su First Aid for the USMLE Step 1 da ake sabuntawa kowace shekara, da Oxford Handbook of Clinical Medicine wanda ya fara fitowa a 1985. Akwai darussan bidiyo, kamar Pathoma a fannin ilmin cututtuka. Sai kuma manhajar Anki ta katunan tuni, wadda kyauta ce a kwamfuta.

Abin da mai biyan kuɗi ya kamata ya gane shi ne, rumbun tambayoyi ba sayensa ake yi ba, haya ce ta wa'adi. Da zarar watannin da aka biya sun cika, ƙofa ta rufe, ko an karanta ko ba a karanta ba. Tun da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dalar da hukuma take sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Saboda haka, biyan haya tun ba a tsai da ranar jarrabawa ba daidai yake da kama shago a bar shi a kulle.

Ma'aunin zaɓe

Ma'auni na farko shi ne a sayi kayan ƙasar da za a zana jarrabawarta, domin kowace ƙasa da ƙa'idojin jinyarta. Tun 2017 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka mai da 130/80 mafarin hawan jini, alhali hukumar NICE ta Birtaniya tana kan 140/90 a awon asibiti. Ke nan mutum mai awon 135/85 yana da hawan jini a takardar Amurka, a ta Birtaniya kuwa ba shi da shi. Hatta ma'aunin sukari a jini ya sha bamban tsakanin ƙasashen biyu. Mai shirin jarrabawar MDCN kuma lalle ya ba da ƙarfi ga zazzaɓin cizon sauro da tarin fuka da sikila da matsalolin haihuwa, bisa ƙa'idojin Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, abubuwan da rumbun Amurka ba ya zurfafawa a kansu yadda aikin asibitin gida yake bukata.

Na biyu, a duba shekarar bugu, domin jarrabawar kanta tana sauyawa. A 2021 aka soke gwajin duba majiyyaci ido da ido na USMLE. Daga Janairun 2022 aka daina ba da maki a mataki na farko, sai dai a ce an ci ko an faɗi, abin da ya sa asibitocin horaswa suka ƙara mai da hankali ga makin mataki na biyu. A 2024 kuma aka daidaita PLAB da sabon jadawalin lasisin likitocin Birtaniya. Tsohon littafi mai araha yana iya koyar da amsar da aka riga aka yi watsi da ita.

Na uku, a auna ingancin bayani. Darajar rumbu ba ta yawan tambayoyinsa ba ce, tana ga yadda yake fayyace dalilin da ya sa amsa guda ta yi daidai, da dalilin da ya kayar da sauran ɗaya bayan ɗaya. Binciken da masana halayyar ɗan Adam Roediger da Karpicke suka wallafa a 2006 ya nuna cewa ɗaliban da suka gwada kansu sun fi riƙe karatu bayan mako guda, bisa waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Don haka littafi madogara ne da ake komawa gare shi bayan an kuskure tambaya, ba shi ne filin atisaye ba.

Na huɗu, kada a manta da na kyauta. Hukumomin USMLE da majalisar likitocin Birtaniya suna wallafa jadawalin abin da za a tambaya da samfurin tambayoyi ba tare da karɓar ko kwabo ba, kuma babu wanda ya fi mai jarrabawa sanin salon tambayarsa.

Arahar da ke jawo hasara

Akwai wata haja da ke yawo a wayoyi, wadda ake cewa tambayoyin ainihi ne da waɗanda suka riga suka zana suka tuno. Ban da cewa amsoshinta ba su da tabbas, haɗarinta ya wuce na kuɗi. A farkon 2024 hukumomin USMLE sun soke sakamakon ɗaruruwan masu jarrabawa da ke da alaƙa da ƙasar Nepal, bayan bincike ya nuna alamun sun ga tambayoyin tun kafin su shiga ɗaki. Shekarun karatu da dukiyar iyaye suka shiga garari saboda neman gajeriyar hanya.

Lissafin da ya fi riba kaɗan ne: rumbun tambayoyi guda da ya dace da jarrabawar, a gama shi tun daga farko har ƙarshe bisa agogo, littafi guda na bugun kwanan nan, sai gwajin kai na hukuma makonni kaɗan kafin ranar zama. Mai ɗaukar nauyi ba sai ya san likitanci ba kafin ya yi wa ɗansa tambayoyi uku: wace jarrabawa ce, yaushe za a zana ta, kuma kashi nawa na abin da aka biya a baya aka kammala? In amsa ta uku ba ta gamsar ba, to, ba sabon littafi ake bukata ba, zama ake bukata.