Yawon Sallah da Goyo: Abin da Jikin Ƙaramin Yaro Zai Iya Ɗauka a Wurin Lilo

Washegarin Sallah, duk wanda ya bi ta Titin Gidan Zoo a Kano da hantsi ya san abin da zai tarar. A-daidaita-sahu na ta sauke yara, kowa da sabon ɗinki, 'yan mata hannu ya sha lalle, samari sun ƙwama tabarau na roba. Gidan namun dajin, wanda ke nan tun farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, yakan cika ya batse a waɗannan kwanaki. Haka ma Magic Land da ke kusa da ƙofar shiga Abuja, da sauran wuraren lilo da suka yawaita a manyan garuruwa. A cikin ayarin nan akwai waɗanda ba a nemi shawararsu ba: jaririn da ke goye da ɗan tatata da ake ja da hannu. Yayyensu ne suka matsa sai an fita, uwa kuma ba ta da wanda za ta bar wa, sai aka taho da su.

Ba laifi ba ne a taho da su. Sai dai kusan komai na wurin, daga tsawon kujerar lilo zuwa ƙarar lasifika, an auna shi ne da jikin yaron da ya isa shiga firamare. Ɗan wata takwas ko ɗan shekara biyu baƙo ne a can, kuma jikinsa ba ya aiki irin na yayansa.

A fara da sandar awo da ake kafawa a bakin wasu liluna. Nan ne aka fi yin cacar baki. Uba ya biya kuɗi, yaro na kuka yana miƙa hannu, mai kula da lilo ya ce tsawonsa bai kai ba. Sai ka ji ana cewa, "Haba malam, ka bar shi mana, ai a cinyata zai zauna." Mai lilon da ya ƙi, ya yi wa uban alheri. Ƙarfen da ake saukewa a kan cinya da bel ɗin da ake ɗaurawa an ƙera su ne don jiki mai wani girma. Wanda bai kai ba yana iya sulalewa ta ƙarƙashi idan abin ya juya. A manyan wuraren wasa na duniya, liluna masu gudu sukan buƙaci tsawon santimita 100 zuwa 120 ko fiye, alhali a jadawalin girman yara na Hukumar Lafiya ta Duniya matsakaicin ɗan shekara biyu bai wuce santimita 87 ba, sai ya kai wajen shekara huɗu yake haura 100. Batun riƙewa kuwa, lissafi ne. Jirgin wasa mai hawa da gangara yakan kai matsin da ya ninka nauyin mutum sau uku. Yaro mai kilo 12 ya zama kilo 36 ke nan a hannu, cikin ƙiftawar ido, kuma ta inda ba a zata ba.

Akwai kuma kai da wuya. Kan jariri sabuwar haihuwa ya kai kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, na babba kuwa wajen ɗaya cikin bakwai ne ko takwas. Babban kai a bisa wuyan da bai yi ƙwari ba shi ya sa fizga ko tsayawar bazata, irin ta motocin karo, ta fi yi wa ƙaramin yaro illa.

Abin mamaki, wani raunin da likitocin ƙashi ke ja wa iyaye kunne a kai yakan zo ne ta hanyar tausayi. Uwa ta ga ɗanta yana tsoron zamiya, sai ta ɗora shi a cinya su gangaro tare. A hanya takalminsa na roba ya kama gefen zamiyar ya tsaya, nauyinta kuma na ci gaba da turo su. Ƙashin ƙwauri ya murɗe ya tsage. Da shi kaɗai ne, nauyinsa bai isa ya karya shi ba. Sau da yawa ba a ganin kumburi; yaro ne kawai zai ƙi taka ƙafar. Ɗan'uwan wannan shi ne gocewar gwiwar hannu, wadda ta fi samun 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu idan aka fizgo su cikin cunkoso ko aka ɗaga su sama da hannu ɗaya. Yaron zai saki hannun a gefe, ya ƙi ɗaukar ko alawa da shi. A asibiti gyaran ɗan lokaci ne. Kai shi a yi ta ja da murzawa da sunan targaɗe ƙara masa azaba ne kawai.

Gidan tsalle da ake hura wa iska ma ba na ɗan tatata ba ne, musamman idan an gwamutsa shi da manya, domin ɗan shekara goma idan ya diro, ƙaramin ne ke tashi sama. Kuma a duba ko an ɗaure shi da turaku sosai. A Disambar 2021 iska ta ɗaga irin wannan gida a wata firamare a tsibirin Tasmaniya na Ostareliya, yara shida suka rasu. Mu da muke da guguwar farkon damina bai kamata mu ɗauki labarin a matsayin na nesa ba.

Duk da haka, a yankinmu abin da ya fi lilo haɗari shi ne rana. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40 a ma'aunin salshiyos. Ƙaramar Sallah ta 2024 ta faɗo a Afrilu, ta 2025 a ƙarshen Maris. Da yake shekarar Musulunci na ja baya da wajen kwana 11 kowace shekara, Ƙaramar Sallah na kan hanyar fita daga bazara, Babbar Sallah kuma ta doshi tsakiyarta: daga Yuni ta gangaro Mayu, nan da 'yan shekaru za ta shiga Afrilu. Yawon Sallah cikin ƙuna bai ƙare ba tukuna.

Jikin ƙaramin yaro na ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, saboda faɗin fatarsa ya yi yawa idan aka gwada da nauyinsa, ruwan da ke ajiye a jikinsa kuma kaɗan ne. Bai iya cewa yana jin ƙishirwa ba, bai iya tuɓe riga ko komawa inuwa da kansa ba. Sai a haɗa wannan da yadda muke fita da shi. An sa masa shadda mai sitati ko rigar leshi mai shafi biyu, da hula, da safa. An goya shi, cikinsa manne da bayan uwarsa mai zufa, an ɗaure da majanyi, sannan an yafa hijabi ko gyale a kansa don kare shi daga rana da ƙura. Niyyar mai kyau ce, amma a ƙarƙashin mayafin iska ba ta zagayawa, zufa ba ta bushewa, kuma uwar ba ta ganin fuskarsa. Masu keken tura jarirai ma sukan yi irin wannan kuskure idan suka rufe keken da zani. Shirun yaro a irin wannan hali ba kullum barci ba ne. Wani lokaci galabaita ce.

Alamomin ba su da wuyar ganewa ga wanda ya duba. Kunzugu ya daɗe bai jiƙe ba, ko fitsarin ya yi ja. Leɓe ya bushe. Yana kuka babu hawaye. Madiga ta faɗa, abin da wasu ke ɗauka wani ciwo ne na daban har su shafa mata magani, alhali ruwan jiki ne ya yi ƙasa. Wanda bai kai wata shida ba, nono ne maganinsa, a ba shi akai-akai. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na nono ruwa ne, shi ya sa ma'aikatan lafiya ke cewa kada a ba shi ruwa ko da bazara. Wanda ya haura haka a riƙa ba shi tsaftataccen ruwa tun kafin ya nema, kuma 'yar ledar gishiri da sukari ta asibiti ba ta da nauyi a jaka. Idan jiki ya yi zafi rau, yaro ya langaɓe ko ya ƙi shan komai, yawo ya ƙare: a cire masa kaya, a shafe shi da ruwa, a nufi asibiti. Barin yaro a mota kuwa da sunan "bari in sayo tikiti in dawo" bai kamata ya zo wa kowa a rai ba. Cikin minti goma zafin motar da aka rufe na iya ƙaruwa da digiri 10, ko da an ɗan sauke gilashi. A kuma taɓa ƙarfen lilo da bayan hannu kafin a zaunar da yaro. Wanda ya yini a rana yana ƙona cinya.

Ƙara ita ce abin da ba mu ɗauka a bakin komai ba, wataƙila don mun saba da ita a gidan biki. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga yara shi ne desibel 75 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A gaban babbar lasifika ƙara kan kai desibel 100, inda rabon yaro na mako guda bai cika minti goma ba. Ƙananan ƙwayoyin da ke karɓar sauti a cikin kunne idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Ba sai da na'urar auna ƙara ba: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke gabanka ya ji ka, wurin bai dace da jariri ba. A matsa nesa da mai kiɗa da janareto.

Gugguru da gyaɗa da alawa mai tauri, waɗanda masu talla ke yawo da su, suna maƙale wa 'yan ƙasa da shekara huɗu a maƙogwaro, balle idan suna ci suna gudu. Guntun balan-balan da ta fashe ya fi su muni, domin yana manne wa hanyar numfashi. Jaririn da bai kai wata tara ba kuma ba a yi masa allurar ƙyanda ba tukuna, cutar da ƙwayarta ke iya zama cikin iska har awa biyu bayan mai ita ya bar wuri, ga shi bazara lokacin sanƙarau ne. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a bar ɗan wata uku a wurin kakarsa.

Sai cunkoso. Ranar 18 ga Disamba 2024, yara 35 suka rasa rayukansu a turmutsitsin wani bikin yara a Ibadan, inda jama'a suka yi dafifi bayan an yi shelar rabon kuɗi da abinci. A irin wannan matsi, ɗan tatata yana ƙasa da ƙugun mutane, ba a ganinsa, goyo kuma yana bayan uwa inda turin ke fitowa. Wurin da ya fi haɗari shi ne ƙofa, lokacin buɗewa da lokacin tashi. Idan ka iso ka ga ana ture-ture a bakin shiga, juyawa ya fi, ko da yara za su yi fushi. Ɓacewa ma a nan take faruwa. Al'adarmu ta damƙa ƙarami a hannun yayarsa 'yar shekara tara ba ta aiki a wurin da ita ma idonta ke kan lilo. Ɗan shekara biyu ba zai iya faɗin sunan unguwarsu ba, don haka takarda mai lambar waya a aljihunsa, da hoton da aka ɗauke shi da kayan da ke jikinsa kafin a fito, sun fi awa guda ana cigiya a lasifika.

To, shi yaron me yake samu? Ba abin da muke zato ba. Yawancin mutane ba sa tuna abin da ya faru kafin su kai shekara uku zuwa uku da rabi, don haka kuɗin da aka kashe domin "ya tuna" hoto ne kawai zai riƙe shi. Amma yana jin daɗi a lokacin, kuma abin da ke burge shi ƙarami ne: ɗan jirgin ƙasa mai tafiya a hankali, jimina a bayan waya, tsakuwar da ya tsinta. Mutumin da ya sa rigar zomo ko ta beyar, wanda yayyen yaron ke rububin hoto da shi, shi yaron dodo yake gani, domin daga wajen wata takwas yara ke fara ƙyuya. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu kuma yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana, har da na rana. Birgimar da yake yi a ƙasa da la'asar, wadda ake kira rigima har a kai masa duka, sau da yawa barcin azahar ne da aka hana shi.

Shi ya sa a ganina awa biyu da sassafe ko bayan la'asar, a kwana na huɗu ko na biyar bayan Sallah, sun fi yini guda a washegarinta. Manya biyu su je, ɗaya da yayye, ɗaya da ƙarami a inuwa.

Masu wuraren ma akwai nasu. Disneyland, wadda aka buɗe a Kalifoniya ta Amurka a 1955, ba ta karɓar kuɗin shiga daga 'yan ƙasa da shekara uku. Tana da ɗakunan shayarwa da canza kunzugu, da tsarin karɓa-karɓa inda uba zai hau lilo uwa na riƙe da jariri, sannan ita ta hau ba tare da sake bin layi ba. Ba wanda ke neman Kano ko Kaduna su gina irinta. Amma rumfa a kan layin tikiti, da ɗaki mai labule da fanka inda mace za ta shayar cikin sutura, da famfon wanke hannu kusa da kejin dabbobi, da ƙayyade adadin mutanen da za a bari su shiga a lokaci guda, duk ba su fi ƙarfin kuɗin da ake tarawa a kwana uku na Sallah ba. Hukumomin jiha da ke ba waɗannan wurare lasisi suna iya sanya su cikin sharuɗɗa, su kuma turo masu duba bel da ƙusoshin liluna mako guda kafin Sallah.