ƘAFA TA UKU: AMANAR DA KE CIKIN KAYAN LANTARKI

Wanda duk ya bi ta Ƙofar Gayan a birnin Zariya zai ga yadda lantarki ya zama abokin zaman jama'a. Ga masu walda, ga masu injin markaɗe, ga masu sayar da ruwan sanyi a firji, ga kuma Asibitin Hajiya Gambo Sawaba inda ake aiki da na'urori a jikin majinyata. Amma jama'a, mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa tambayar amfanin doguwar ƙafar nan ta uku da ke jikin fulogi?

To, ga bayaninta. Wutar da ke shiga gidajenmu ƙarfinta wajen bolt 230 ne. Waya biyu ke aiki, ɗaya ta kawo, ɗaya ta mayar. Ta ukun, mai launin kore da rawaya, ita ce wayar ƙasa. An ɗaure ta da jikin ƙarfen na'ura, ta bi ta soket har ta kai ga sandar da aka kafa cikin ƙasa. In rigar waya ta ƙoƙe, wuta ta taɓa jikin dutsen guga ko firji, sai ta kwarara ta wannan hanya, fis ya ƙone, wuta ta yanke. In kuwa babu hanyar, to, jikin wanda ya taɓa shi ne hanya. Shi ya sa da Ingila ta fito da irin fulogin nan a 1947 aka tsawaita ƙafar, don ita ce za ta fara shiga, ita ce kuma ƙarshen fita.

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Saboda haka a masana'antar kirki ba a sakin na'ura sai ta ci jarrabawa biyu. Ta fari, akan tura wuta mai yawa, amfiya 10 ko fiye, amma marar ƙarfin bugu, daga ƙafa ta uku zuwa jikin ƙarfen. In kusa ta yi sako-sako, ko fenti ya shiga tsakani, ko wayar siririya ce, nan take awo zai tona asiri. Ta biyu, akan sa bolt 1,000 ko fiye tsakanin wayar wuta da jikin na'urar, a ga ko rigar za ta jure. Wadda ta faɗi sai a mai da ita baya. Gara ta faɗi a hannun ma'aikaci da ta faɗi a hannun uwargida tana guga ba takalmi a daɓe mai danshi.

Gwamnati ba ta bar abin haka ba. Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke duba ingancin kaya, tun 2005 kuma ta sa ƙa'idar SONCAP a kan waɗanda ake shigowa da su daga waje. Dokar 2015 ta ɗora wa hukumar NEMSA binciken haɗin wuta.

Sai dai abin takaici, mu ne ke ɓata aikin da hannunmu. Wani ya karya ƙafa ta uku don fulogi ya shiga, wani ya cusa tsirarar waya da tsinken ashana, wani ya sayi jonin arha mai waya biyu kacal a ciki. Arha kuwa ba ta ado. Gidaje da yawa ma ba a kafa musu sandar ba sam. Inda aka kafa, lokacin hunturu ƙasa takan bushe, aikinta ya ragu.

Don haka, mai karatu, in firjinka ya fara tsunkulinka, kada ka ce halinsa ne. Gargaɗi ne. Cire shi, ka kira ƙwararre ya auna. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyashe mu, amin.