Shimfiɗa Game da Nazarin Littafin Shaihu Umar

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin ƙagaggun labaran nan biyar da suka fito daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, a ƙarƙashin Rupert East, aka buga shi a 1934. Galibin ɗalibai in an tambaye su jigonsa sai su ce haƙuri da yarda da ƙaddara. Amsar ba ta kauce ba, sai dai ta tsaya ga Umar kaɗai, ta bar mahaifiyarsa, wadda ba za a gane matsayinta ba sai an san zamanin da aka gina labarin a kansa.

Zamanin kuwa shi ne ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da hari da cinikin bayi suke cikin harkokin sarauta, ayari kuma yakan tashi daga Kano ya keta Sahara ta Murzuk zuwa Tarabulus. Ɗalibin Wurno ko Rabah ko Goronyo bai kamata ya ɗauki wannan hanya kamar ta tatsuniya ba. Ta Murzuk ɗin nan Heinrich Barth ya biyo a 1850, kuma a 1853 ya sauka Wurno, ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a zamanin ɗansa Aliyu Babba. Sunan da Barth ya yi tafiya da shi, Abdulkarim, shi ne sunan Balaraben da ya ɗauki Umar, amma wannan dacewa ce kurum, kada a kafa hujja da ita. Abin da ya fi amfani shi ne labarin Dorugu, yaron da aka kama a ƙasar Damagaram, daga baya Barth ya tafi da shi Turai. Yana cikin Magana Hausa na Schön, 1885, ya kuma cancanci a karanta shi tare da littafin.

Sai batun shari'a. Shehu Usmanu ya bayyana a Wasiƙatu Ahlis Sudan cewa bautar da ɗa Musulmi haramun ne. To, Umar da uwarsa duk 'ya'ya ne, duk Musulmi, aka kuwa sayar da su. Shi ya faɗa hannun ubangida na kirki, aka sa shi karatu har ya zama shaihi. Ita ta fita nemansa, aka yaudare ta, ta ƙare cikin bauta, ta rasu jim kaɗan bayan sun sadu. Haƙurinta bai gaza nasa ba. Idan haƙuri kaɗai ne jigon, me za a ce da ita? A ganina ta bakin wannan baiwar Allah ne marubucin ya faɗi abin da bai faɗa da nasa bakin ba.

A lura kuma da Makau, mijin uwar Umar. Shi kansa mahari ne, amma labarin bai zarge shi da harin ba. Hassadar fadawan da suka sa aka kore shi ita aka fito da ita fili. Wannan kawaici yana da dalili. Dokar Lugga ta 1901 'ya'yan da aka haifa bayanta ta 'yanta, ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936, shekara biyu bayan fitowar littafin. Ke nan cikin 'yan makarantar da suka fara karanta shi akwai 'ya'yan iyayengiji, akwai kuma 'ya'yan bayinsu.