Jumbo: Giwar da Kuɗin Jigilarta Ya Fi Kuɗin Sayenta

Yau zancen giwa za mu yi, da abin da take lashewa a aljihun mai ita.

Fam 2,000. Abin da gidan namun daji na Landan ya karɓa ke nan a 1882, ya sallama wa wani Ba'amurke mai wasan dabbobi, P. T. Barnum, wani toron giwa mai suna Jumbo. Tun yana ɗan ƙarami aka kamo shi daga wajajen Sudan, ya ɗan zauna a Faris, ya iso Landan a 1865, yara suna ta hawansa. Da ya girma sai ya fara ragargaza ɗakinsa cikin dare, masu gidan suka ce gara a rabu lafiya.

To, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Aka ƙera ƙaton akwati na katako da ƙarfe, Jumbo ya dube shi ya ƙi shiga. Aka ce a kora shi da ƙafa zuwa tashar jirgin ruwa. Yana fitowa bakin ƙofa, gogan naku ya kwanta a titi. Ya kwanta, jama'a! Wa zai ɗaga tan shida? Makonni ana fama, mutanen gari na tururuwa suna kawo masa burodi. Sai da aka tabbatar mai kiwonsa, Matthew Scott, zai bi shi Amurka, sannan ya shiga. Har ana zargin Scott ne ke yi masa ishara ya tirje, ni kuwa ban ga laifin masu zargin ba.

Kafin Jumbo ya sauka New York, cinikin fam 2,000 ɗin nan, wato dala 10,000, ya kai wajen dala 30,000 saboda kuɗin jigila. Barnum dai ya mayar da kuɗinsa cikin 'yan makonni, don duk wanda zai kalla sai ya biya. Wanda ba shi da 'yan kallo fa? Babbar giwa kan ci kilo 150 na ciyawa da ganye kullum, ta sha ruwa sama da lita 100, kuma tana iya shekara 60 a duniya.

Jumbo shekara uku kawai ya yi wa Barnum aiki, jirgin ƙasa ya banke shi a Kanada a 1885. Ƙasusuwansa na ajiye a wani gidan tarihi a New York.