Kafin ku aiko wa kafintan gida da injin ƙawata katako

Da an gama girbin hatsi an ɗaure dammuna, aikin kafintoci ke tashi a Yauri da ƙauyukan kewaye. Lokacin bukukuwa ke nan: gadon amarya, kabad ɗin tufafi, ƙofofi da tagogin sabon ɗaki. Amma akwai abin da ke ci wa kafintocinmu tuwo a ƙwarya, wato ado. Gadon da aka haɗa a ƙauye yana iya fin na birni ƙwari, sai dai uwar amarya in ta ga na Damagaram ko na Kano da gefensa sumul, an zana masa layi mai lanƙwasa, to can kuɗinta za su tafi. Wannan adon ba aikin hannu ba ne. Wani inji ke yin sa, wanda a Najeriya ake ce wa rauta, masu Faransanci kuma su ce defonsez. Yana juya wata ƴar wuƙa sama da sau 20,000 a minti guda. Ana iya riƙe shi a hannu, amma ya fi amfani in an kife shi ƙarƙashin tebur, wuƙar ta leƙo sama ta wani rami, kafinta ya riƙa tura katako yana wucewa ta gefenta.

Ƴan uwanmu da ke Aljeriya da Libiya da Saudiyya da Legas, har da na Amurka, da yawa suna so su kafa wa ƙane ko ɗa sana'a da wannan inji. Niyya ce mai kyau. To amma tebur ɗin nan haɗe-haɗe ne, ba abu guda ake saye ba, kuma in wani ɓangare bai dace da ɗan uwansa ba, ko kuɗi su salwanta ko yatsa ya tafi. Shawararmu a taƙaice: ku sa kuɗin a inji, da wuƙaƙe, da makunni. Tebur kam a gida za a yi shi.

Mu fara da wuta. A Nijar ƙarfin wutar gida bolt 220 zuwa 230 ne, haka a Najeriya da Aljeriya da Libiya da ƙasashen Turai. Ta Amurka 120 ce. Injin Amurka in aka jona shi a nan kai tsaye, nan take zai ƙone, sai dai a nemo masa taransifoma babba mai nauyi da tsada. Saboda haka kafin ku biya, ku juya injin ku karanta ƴar takardar da ke manne a jikinsa. In ba ku ga 220 ko 230 ba, ku ajiye musu abinsu.

A takardar nan kuma za ku ga ƙarfinsa. Don aikin tebur, a nemi mai wat 1,600 zuwa sama. Misali, Makita RP2301FC wat 2,100 ne, ana kuma iya rage gudunsa daga 22,000 zuwa 9,000 a minti. Ba talla muke musu ba, akwai Bosch da DeWalt da wasu masu irin wannan ƙarfin. Abin lura shi ne injin ya kasance ana rage masa gudu. Ga dalili. Wuƙa mai faɗin milimita 12, in tana juyi 22,000, bakinta na gudun kusan kilomita 50 a awa. Wuƙa mai faɗin milimita 75, irin wadda ake yi wa allon ƙofa ado da ita, a wannan juyin bakinta ya wuce kilomita 300 a awa. Katako ya ƙone, inji ya yi ta karkarwa, in kuwa haƙori ya ɓalle, harsashi ne. Babbar wuƙa irin wannan ba ta son fiye da juyi 12,000. Injin da ba ya rage gudu, ƙananan wuƙaƙe kaɗai zai iya.

Inda wutar NIGELEC ba ta kai ba, sai gurup. Ɗan ƙaramin gurup na cajin waya da kallon ƙwallo ba zai tayar da wannan inji ba. Ko mai 2.5 kVA, abin da yake bayarwa bai wuce wat 2,000 ba, ga shi kuma inji na jan wuta fiye da ƙima lokacin tashi. A nemi 3.5 kVA ko sama, a kuma zaɓi injin da ke tashi a hankali, ba mai fizga ba. Waya ma ta zama mai kauri, milimita 2.5, kar a yi mata tsawon banza.

Yanzu ga inda mutane suka fi faɗawa, kuma mu da ke bakin iyaka abin ya fi shafarmu. Kowace wuƙa tana da ƙota, ƙotar kuma tana shiga wani zoben ƙarfe da ke matse ta a bakin injin. Awo biyu ne ke yawo a duniya. Kayan Faransa da yawancin Turai milimita suke bi: 6 da 8 da 12. Kayan Ingila da Amurka inci suke bi: kwata da rabi. Rabin inci milimita 12.7 ne, ba 12 ba. Kwatan inci 6.35 ne, ba 6 ba. Da ido ba za ka bambanta su ba. To ka ga ɗan uwa ya aiko da inji daga Aljeriya, kafinta kuma ya bi ta Ɗan Barto da Daura ya sayo wuƙaƙe a Sabon Garin Kano, ko akasin haka. Ƙota mai 12.7 ba ta shiga zobe mai 12, wannan da sauƙi, asarar kuɗi ce kawai. Mai haɗarin ita ce ƙota mai 12 a cikin zobe mai 12.7. Za ta shiga salin-alin, a ɗaure ta kamar ta kamu, sai ana tsakiyar aiki ta fara zamewa tana hawa sama. Kar a naɗa mata takarda ko gwangwani don ta cika ramin. Mai aikowa ya haɗo da zobba na awo biyun in injin na da su, ko ya sayi wuƙaƙen tare da injin a shago guda. Mai saye a kasuwar Dole ta Damagaram ko a Kano kuma ya tafi da zobensa a aljihu ya gwada.

Wuƙaƙen kansu, gara guda biyar masu haƙorin karbaid da akwati mai guda hamsin na araha. Madaci da jan katakon da ake kawo mana daga kudu suna da tauri, ga ƙasa da harmatan ke cusa wa kowane allo, wuƙar ƙarfe zalla ba ta jimawa take dakushewa. Mai miƙaƙƙen baki, mai zagaye gefe, mai yanka gurbin gilashi, da ɗaya ko biyu na ado, sun isa a fara. A zaɓi masu kaurin ƙota, 12 ko rabin inci, sun fi jure wahala.

Sai makunni, wanda kusan ba mai tunawa da shi. Inji na ƙarƙashin tebur, don haka kafinta kan danne makunninsa ya bar shi a kunne, yana kashewa daga bango. To a ce an ɗauke wuta, kuma mun san yadda take yi mana: layin da ke ciyar da Damagaram da Maraɗi daga Katsina yake shigowa, ba mu manta yadda Najeriya ta yanke shi a watan Agustan 2023 ba. Inji ya tsaya, yaron shago ya sa hannu yana share dussar katako ko yana canza wuƙa, sai wuta ta dawo ba sallama. Akwai makunni na musamman mai maɓalli kore da ja, wanda in wuta ta ɗauke yake sakin kansa, ba zai sake tayar da inji ba sai mutum ya danna koren. Ana rubuta NVR a jikin kwalinsa. Ƙarami ne, yana shiga aljihun jaka, kuɗinsa kuma bai kai na wuƙa mai kyau guda biyu ba. A kafa shi a gaban tebur inda gwiwa za ta iya buge jan. Mu dai a ganinmu, tebur ɗin da ba shi da wannan bai kammala ba.

Akwai wata na'ura mai ɗaga inji sama da ƙasa da ake nunawa a bidiyon kafintocin Amurka, ta kamfanoni irin su JessEm da Kreg. Tana da daɗin aiki, amma yawancinsu an ƙera su ne don injinan can masu wuta 120, tsadarta kuma na iya kai ta injin kansa. A bar ta tukuna.

Tebur ba wani abin wahala ba ne. Falai guda biyu na milimita 18 a manna su, a shimfiɗa fomaika a sama don katako ya riƙa sulɓi. A guji allon garin katako da ake ce wa MDF, damina ɗaya ke kumbura shi. Mai walda a Matamaye zai haɗa ƙafafu na ƙarfe. Inda injin zai rataya, a sa farantin alminiyam mai kaurin milimita 8 ko kusa da haka, a nutsar da shi ya yi daidai da fuskar tebur, don ko tudu kamar kaurin farce sai ya fito a jikin aiki. Madogarin da katako ke jingina da shi, busasshen katako ne miƙaƙƙe, a yanke masa gurbin wuƙa a tsakiya. Kar a rufe ƙasan tebur ruf, injin na buƙatar iska, ga zafin bazara. Tunda a kife yake, dussa na zuba cikinsa, sai a riƙa hure shi kowace yamma. Mai aikowa ya ƙara da gawayin mota, waɗanda wasu ke kira sharbon, ko da biyu-biyu ne, don su ke fara cinyewa, kuma na wani inji ba ya shiga wani.

Ga masu aikin, musamman iyayen gidan da ke da yara a shago. Katako daga dama zuwa hagu ake tura shi, yana karo da juyin wuƙa. In aka bi ta hagu, wuƙar za ta fizge shi ta ja hannu tare. Kar a ci zurfi gaba ɗaya, a bi sau biyu ko uku. Ƙota ta shiga zobe aƙalla kashi uku cikin huɗu, amma kar ta dira har ƙasa, a ɗan ɗago ta kaɗan kafin a ɗaure. Guntun katako da sanda ake tura shi, ba da yatsa ba. A cire filogi kafin a taɓa wuƙa, a sa tabarau, kuma mai doguwar riga ya naɗe hannunta ko ya tuɓe ta kafin ya matso.