Tayar da injin turbo da ya lalace ba tare da ɓarnar kuɗi ba

A garejojin Maraɗi, Damagaram da Tawa, motoci irin su Toyota Hilux masu injin turbo sukan kwana biyu a jingine, domin kuɗin sabon inji ya fi ƙarfin mai su. Amma sau da yawa gyara yana yiwuwa.

Turbo wata ƙaramar farfela ce da hayaƙin salansa ke juyawa fiye da sau 100.000 cikin minti guda, tana tura iska cikin inji domin ƙara masa ƙarfi. Baƙin mai ne ke sanyaya ta. Saboda haka gurɓataccen mai da ƙurar hunturu su ne manyan abokan gābarta.

Makanikin kirki yakan kwance inji ya auna komi kafin a sayi ko ƙusa ɗaya. Abin da bai ci ba sai a wanke shi a mai da. Zobban fistan kuwa, da gasket na kan inji, da bututun da ke kai wa turbo mai, waɗannan ba a rowa a kansu: sababbi ake sa wa. Turbo kanta, in kwankwasonta bai tsage ba, cikinta kaɗai ake sakewa.

Bayan gyara, direba ya bi mota sannu har kilomita 1.000, sa'an nan ya juye mai. In ya dawo daga doguwar tafiya, ya bar inji yana aiki minti biyu kafin ya kashe. Da haka motar za ta daɗe tana ciyar da iyali.