Kalaman Ƙarfafa Kai a Ma'aunin Shari'a: Tsakanin Kyakkyawan Fata da Tsarkake Kai

Gabatarwa

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta yaɗu tsakanin matasa masu karatu. Mutum zai zaɓi gajeriyar jimla da ke siffanta shi da abin da yake son ya zama, ya riƙa maimaita ta safe da yamma, wani lokaci a gaban madubi, da fatar ta sauya yadda yake kallon kansa. Wani ya ce shi mai nasara ne, wani ya ce shi cikakke ne ba ya buƙatar kowa, wata ta ce arziki yana tafe gare ta. Masu koyar da dabarun gina kai suna kiran wannan kalaman ƙarfafa kai. Ɗalibin ilimi da aka tambaya hukuncinsu yakan yi gaggawa: ko ya ce zikirin Turawa ne ya haramta su baki ɗaya, ko ya ce ai su ne kyakkyawan zaton da Musulunci ya zo da shi ya halatta su baki ɗaya. Duka amsoshin sun tsallake tambayar da ya kamata a fara da ita: me jimlar take cewa, kuma ga wa take jingina ƙarfi?

Inda al'adar ta samo asali

Wanda ya fito da ita a surarta ta yau shi ne Emile Coué (1857–1926), mai haɗa magunguna a garin Troyes na ƙasar Faransa. Ya lura cewa idan ya yaba wa mara lafiya maganin da ya ba shi, yakan fi samun sauƙi a kan wanda aka miƙa wa maganin ba tare da wata magana ba. Da ya koma garin Nancy sai ya tsara wa masu zuwa wurinsa jimla guda mai nuna cewa suna ƙara samun sauƙi kullum, a maimaita ta sau 20 da safe da kuma lokacin kwanciya, ana ƙirgawa da igiya mai ƙulli 20. Kamanninta da carbi ba sa ɓuya. A 1923 ya ziyarci Amurka, inda ya tarar da ƙasa a share, domin tun ƙarni na 19 akwai tafiyar da ake kira Sabon Tunani, wadda ake jingina tushenta ga Phineas Quimby, mai koyar da cewa cuta daga gurɓataccen tunani take tasowa.

A 1952 limamin coci Norman Vincent Peale ya wallafa littafinsa kan ƙarfin kyakkyawan tunani, ya cakuɗa dabarar da ayoyin Baibul. Louise Hay a 1984 ta danganta cututtukan jiki ɗaya bayan ɗaya da munanan tunani, ta sanya wa kowace cuta jimlarta. Rhonda Byrne kuwa a littafinta na 2006 ta ce tunani saƙo ne da mutum yake aika wa sararin halitta, shi kuma ya mayar masa da irin abin da ya aika. Wannan ita ce ake kira dokar janyowa.

Ke nan da'awa biyu ne suka shiga riga ɗaya. Ta farko tana cewa maganar da mutum yake yi wa kansa tana tasiri a zuciyarsa da aikinsa, kuma wannan abu ne da ake iya gwadawa. Ta biyu tana cewa maganar tana samar da abin da aka faɗa a waje, kuma wannan zance ne na aƙida.

Abin da gwaji ya nuna

A 2009 Joanne Wood ta Jami'ar Waterloo a Kanada da abokan aikinta suka sa ɗalibai maimaita jimla mai cewa su mutane ne abin ƙauna. Waɗanda dama suke ganin ƙimar kansu sun ɗan ji daɗi. Waɗanda suke raina kansu kuwa, wato ainihin mutanen da aka tsara dabarar dominsu, sun fito da zuciya mafi nauyi fiye da irinsu da ba su maimaita komai ba. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, idan magana ta yi nisa da abin da mutum ya yarda da shi game da kansa, zuciya takan tashi ta kawo hujjojin ƙaryata ta.

Akwai wata dabara dabam da ake yawan rikita ta da wannan, wadda ta taso daga aikin Claude Steele na 1988. A nan ba a sa mutum ya yabi kansa. Ana sa shi ya rubuta abin da yake da muhimmanci a rayuwarsa, kamar iyalinsa ko addininsa, da dalilin muhimmancinsa. Geoffrey Cohen da abokansa sun ba da rahoto a 2006 cewa wannan ɗan rubutun ya ɗaga sakamakon yara baƙar fata a wata makarantar Amurka, ko da yake wasu gwaje-gwaje da suka biyo baya ba su sami irin wannan tasirin ba. Gabriele Oettingen ta Jami'ar New York ta gano cewa masu yawan shiga daɗin mafarkin nasara sukan rage himma, sai idan sun haɗa burin da duba abin da zai tare musu hanya.

Kalma mai kyau a Sunna

Shari'a ba ta ɗauki abin da mutum yake faɗa game da kansa da wasa ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) yana son fa'ali, kuma ya fassara shi da kalma mai kyau. A sulhun Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, da ya ga Ƙuraishawa sun turo Suhailu ɗan Amru, ya yi wa sahabbai bushara da sauƙi daga ma'anar sunansa. A hadisin Nana A'isha ya hana mutum ya siffanta ransa da kalmar da ke nufin ƙazanta idan ya ji ba daɗi, ya ba da wata kalma mai ma'ana ɗaya da ba ta da wannan muni. Abin lura shi ne bai ce mutum ya musanta rashin jin daɗin ba. Kalmar kawai ya gyara. Haka nan tsohon baƙauyen nan da Annabi (SAW) ya je dubawa ya yi masa fatar ciwon ya zama tsarki, shi kuwa ya nace zazzaɓi ne da zai kai shi kabari, sai aka bar shi da abin da ya zaɓa.

Misalin da ya fi fito da iyaka shi ne canjin sunaye. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya canja sunan wata 'yar Umar daga Asiya, mai harafin sadi da ke nufin mai saɓo (ba sunan matar Fir'auna ba), zuwa Jamila. Shi ne kuma ya ruwaito cewa ya canja sunan Barra, wato mai nagarta, zuwa Zainab, bisa dalilin cewa sunan tsarkake kai ne, kuma Allah ne Ya san masu nagarta. Suna mai ƙasƙantarwa an cire shi, suna mai da'awar tsarki ma an cire shi. Hanin tsarkake kai ya zo ƙarara a Suratun Najmi, aya ta 32, kuma duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san ujubu da ganin fifiko a kan wani suna cikin haramtattun da aka jero tun farkon littafin. Bahaushe ma ya ce yabon kai jahilci.

Wannan ba ya nufin mutum ba zai taɓa ambaton alherin da ke tare da shi ba. Annabi Yusuf (AS) ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, ya siffanta kansa da tsaro da sani (Suratu Yusuf, aya ta 55), kuma Ibnu Kasir ya kafa hujja da wannan kan halascin mutum ya bayyana cancantarsa idan ba a san shi ba kuma akwai buƙata. Siffofin gaskiya ne, kuma aikin ne ya buƙaci a faɗe su. Ƙarshen Suratud Duha ma umarni ne da ba da labarin ni'ima, amma a matsayin ni'imar Ubangiji.

Habari da insha'i

Ilimin balaga yana da ma'aunin da ya dace da wannan mas'ala. Zance ko dai habari ne, wanda ake iya gaskatawa ko ƙaryatawa, ko insha'i, kamar umarni da roƙo, wanda ba a ce wa mai yin sa ya yi ƙarya. Abin da yawancin kalaman ƙarfafa kai suke yi shi ne su ɗauki buri, wanda insha'i ne, su sa masa rigar habari. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa sau biyu, idan ya ce shi gwani ne, ya ba da labarin da zuciyarsa take da shaidu a kan ƙaryarsa, kuma abin da gwajin Waterloo ya nuna ke nan. Idan ya ce zai karanta babi ɗaya yau in Allah Ya so, ya roƙi Allah buɗi, babu abin da zuciya za ta ƙaryata, sai dai ta jira ta ga cikawa.

Za a iya cewa ai addu'a ma takan zo da lafazin habari, kamar yadda Larabawa suke nema wa mamaci rahama da fi'ilin da ya shuɗe, ko yadda mara lafiya a ƙasar Hausa yake amsa wa mai dubiya da cewa da sauƙi alhali ciwon yana cin sa. Haka ne. Amma a nan mai magana da mai saurare duk sun san fata ne, kuma sun san wurin wa ake nema.

Wurin neman shi ne inda dokar janyowa ta rabu da tauhidi. Wanda ya ƙudurce cewa furucinsa ne yake janyo arziki daga sararin halitta ya jingina wa abin halitta aikin Mahalicci, ya kuma maimaita matsayin Ƙaruna da ya danganta dukiyarsa ga wani ilimi da ke wurinsa (Suratul Ƙasasi, aya ta 78). Wasu marubuta Musulmi suna ƙoƙarin musuluntar da ita da hadisin ƙudusin da ke cewa Allah Yana wurin zaton bawansa gare Shi. Wannan tawili bai tsaya ba. Zaton da ke cikin hadisin ga Allah yake, Mai bayarwa da hanawa bisa hikimarsa, ba ga wata doka da ba ta iya ƙin amsawa ba. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751 bayan hijira) ya yi dogon bayani a Adda'u wad-Dawa'u cewa kyautata zato na gaskiya shi ne wanda yake tura mutum ga aiki, wanda kuwa yake tura shi ga zama ruɗi ne.

Abin da magabata suka tanada

Imam Gazali (ya rasu 505 bayan hijira) ya bambance waɗannan halaye da misalin manomi. Wanda ya shuka a ƙasa mai kyau, ya yi ban ruwa, ya yi noma, sannan ya jira falalar Allah, shi ne mai fata. Wanda ya watsa iri a fako ya zauna jiran girbi ruɗaɗɗe ne. A wani babin na Ihya'u ya tsara abin da ya kira musharaɗa: bayan sallar asuba mutum ya keɓe, ya yi wa ransa magana kamar ɗan kasuwa da abokin cinikinsa, ya tuna masa cewa rayuwa ce jarinsa kuma ga sabuwar rana an ba shi, ya gindaya wa harshe da ido da sauran gaɓoɓi sharuɗɗan yinin. Da dare kuma a zauna lissafi. Wannan ma magana ce da kai, kullum, a ƙayyadadden lokaci. Bambancinta shi ne alkawari take ɗauka, ba yabo ba, kuma akwai mai bin bashi da yamma.

Mai raina kansa yana buƙatar abin da ya wuce sharuɗɗa, wato tushen ƙima da ba ya rushewa idan ya gaza. Suratul Isra'i, aya ta 70, ta tabbatar da karamar 'yan Adam a matsayin kyauta daga Allah, ba ladan wata nasara ba, don haka faɗuwa jarrabawa ko mutuwar aure ba sa ƙwace ta. Wanda ya tuna wa kansa wannan habari ya bayar, amma na gaskiya. Sayyidul istigfari, wanda ake karantawa safe da yamma, ya haɗa iƙirari da ni'ima da iƙirari da zunubi a wuri guda, ba ya buƙatar mutum ya rufe ido ga ɗayansu. Maimaita wata jimla mai tsabtar ma'ana don horar da zuciya al'ada ce, asalinta halas, matuƙar ba a ƙudurce lada ko wani sirri a adadinta ba, kuma ba ta ture azkar ɗin da suka tabbata daga lokacinsu ba.

Tun kafin Gazali, Abu Zaid Albalki (ya rasu 322 bayan hijira) ya ba da shawara a Masalihul Abdani wal Anfus cewa mutum ya tanadi lafiyayyun tunani lokacin da hankalinsa yake kwance, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo. Malamin Sudan Malik Badri ne ya fassara sashen littafin da ya shafi rai zuwa Turanci a 2013. Albalki ya kuma raba baƙin ciki gida biyu: wanda yake da sanannen dalili, kamar rashi ko asara, wanda tunani da nasiha suke yi wa magani, da wanda yake sauka ba tare da dalili ba ya hana mutum walwala, wanda ya danganta da jiki ya ce yana buƙatar kulawar likita. Mai irin wannan na biyun, idan aka ce masa munanan kalamansa ne suka janyo masa, an ɗora masa laifi a kan ciwo. Annabi Ayuba (AS) ya faɗi cutarsa a fili yayin da yake kiran Ubangijinsa (Suratul Anbiya, aya ta 83), kuma aya ta gaba ta ce an amsa masa.